Damuna Da Jarin Masu Babura

Ikko — Ɗan kasuwar da ya sayi babur ya miƙa wa yaro domin ya riƙa kawo masa balas kowace rana, ko ya riƙa kai wa abokan ciniki kaya, damuna ce lokacin da jarinsa ya fi shiga haɗari. A Ikko da Ibadan ruwa yakan kankama tun watan Afrilu, ya ɗan lafa a Agusta, sannan ya ci gaba har Oktoba, wato babur na shafe fiye da rabin shekara a kan jiƙaƙƙiyar hanya.

Santsi ya fi tsanani a farkon saukar ruwa, domin a lokacin ne baƙin mai da ƙurar da suka taru a kwalta suke haɗuwa da ruwa su zama kamar sabulu. A daidai wannan lokaci ne kuma fasinjoji ke rububin abin hawa, kuɗin ɗauka ya tashi, yaron da balas ke wuyansa ya ƙara wuta. Maigidan da ba ya sassauta balas ranar ruwa, da hannunsa a cikin wannan gaggawa.

Sai batun taya, inda aka fi yin tsimin da ba ya da riba. Zanen da ke jikinta shi ne ke korar ruwa daga ƙarƙashinta; idan ta suɗe, babur kan ruwa yake tafiya, birki kuwa ba ya kama ruwa. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma ya kamata mai saye ya duba, musamman idan 'yar gwanjo ce. Kuɗin sabuwar taya bai kai na gyaran karaya da mako shida babu aiki ba.

A kan hanya, ana taka birkin baya da na gaba tare, sannu a hankali, kuma tun kafin a shiga kwana. Farin fentin titi da murfin ƙarfe na magudana suna da sulɓi ƙwarai, kududdufi kuma yakan ɓoye rami. Galibin baburan haya birkin ganga ne da su, wanda ba ya ci sosai idan ya jiƙe, don haka bayan an ratsa ruwa sai a ɗan riƙa taɓa shi har ya bushe.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009. Hular da gilashinta ya kakkarce takan hana gani da zarar ruwa ya sauka, shi ya sa matuƙa ke ɗage shi ko su rataye hular a hannun babur. Gilashin ana sayar da shi daban a shagunan kayan babura.