Kafin Ku Miƙa Kuɗin Ƙungiya Ga Mai Gini

'Yan uwana mata, idan asusu ya yi ƙarfi, ƙungiyoyinmu na nan Musawa kan so gina sito na ajiye masara da waken soya, ko ɗakin injin niƙa. Kuɗin nan guminku ne na wata da watanni, don haka nake so ku san takardun da za ku nema kafin ma'aji ta buɗe akwati.

Masu gini iri biyu ne. Akwai birkila da kafinta masu aikin hannu, akwai kuma ɗan kwangila mai karɓar aikin gaba ɗaya.

Birkila ko kafinta yana iya riƙe takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Mataki uku ce, na ɗaya shi ne mafi girma. Da yawa daga cikin namu a wajen ubangida suka koya, ba su da ita. Irin wannan, ku je ku ga ginin da ya yi wanda ya ci damina biyu ko uku. Akwai tsaga? Rufin yana yoyo? Ku tambayi mai ginin da kanku.

Shi kuwa ɗan kwangila, ku nemi takardar rajistarsa ta hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista. Akwai lamba a jikinta, sakatariya za ta iya duba sunan a shafin hukumar ta waya. Amma fa wannan takarda shaida ce kawai cewa kamfanin yana nan, ba ta nuna ya iya gini ba. Hukumar da ke yi wa ƙwararrun magina rajista ita ce CORBON, wadda dokar 1989 ta kafa, injiniyoyi kuma COREN. Idan ginin babba ne, ko za a zuba dakin a sama, ku tambayi wane mai rajista ne zai sa ido, ku ga takardarsa.

Kafin a haƙa fandisho, ku je sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ku ji ko wurin yana buƙatar izinin gini. Takardar filin ma ta kasance da sunan ƙungiya, kada a sa sunan mutum ɗaya.

Sannan a rubuta yarjejeniya: girman ɗaki, yawan buhunan siminti, bulo, rodi da kwano, jimillar kuɗi, da ranar gamawa. Shugaba, sakatariya da ma'aji su sa hannu, mai unguwa ya zama shaida. Ko ɗan uwa ne, ko mijin ɗayarku, a rubuta, don zumunci ya ɗore.

Biya kuwa kashi-kashi: kafin alƙalami kaɗan, sai bayan fandisho, bayan linta, bayan rufi. Ku riƙe kason ƙarshe har ku zagaya ku duba aikin tare. Kowane biya a karɓi rasit, a shigar a littafi, a karanta a taron mako kowa ta ji.