Shirwa ce ko Shaho? A Duba Wutsiya Kafin a Ɗaga Danƙo

Wani mai sauraronmu da ke noma a bayan Samaru, yana kuma kai kaji kasuwar Sabon Gari, ya aiko mana takarda daga PZ, Zariya. Ya ce tsuntsaye sun dame shi da sure masa 'yan tsaki, yaya zai bambance su, kuma ko ya sa musu guba?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Ba duk mai ƙumba da lanƙwasasshen baki ne ɓarawon kaji ba. Abu biyu za ka duba: wutsiya da yadda yake tashi.

Idan ka ga tsuntsu mai ruwan ƙasa yana shawagi a hankali, wutsiyarsa da gibi a tsakiya kamar ta kifi, yana murɗa ta, to shirwa ce. Ita ce ke jewa a kan mahauta da bola, tana bin gobarar daji don kama fara. Takan sure ɗan tsako in ta samu sarari.

Shaho ba ya wannan doguwar jewa. Wanda aka fi gani cikin gari ƙarami ne, bayansa toka-toka, wutsiyarsa doguwa ba gibi. Yakan laɓe a darbejiya ko mangwaro, ya faɗo kamar kibiya. Ƙadangaru da ƙananan tsuntsaye ya fi ci, amma a yi hattara da shi.

Akwai wani fari mai baƙar kafaɗa da jan ido, wanda ke tsayawa cik a sama yana kaɗa fiffike a kan gona. Wannan abokinka ne, ɓeraye yake farauta. Haka ma mujiya da dare.

Gaggafa kuwa baƙa ce, fuskarta da ƙafafunta ja, wutsiyarta guntuwa ƙwarai, tana tafe tana rangaji. Ungulu kowa ya san ta da sanƙonta. Mushe take ci, ba ruwanta da kajinka.

Batun guba, malam, kada ka soma. Guba ba ta zaɓe: za ta kashe karenka, ta kashe ungulu. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun cikin gari a jerin masu dab da ƙarewa, a 2020 kuma ta sa gaggafa cikin masu fuskantar haɗari. In babu ungulu, mushe zai ruɓe a bakin hanya, ƙudaje su yi yawa. In babu masu cin ɓera, rumbu ne zai ji a jikinsa.

Maganin mai sauƙi ne. Ka kife 'yan tsaki da kwando ko ka tsare su a akurki har su yi ƙwari, ka bar musu 'yar rumfa ta fakewa a tsakar gida.

Da fatan ka gamsu. Allah ya ba da sa'ar kiwo, sai mun sake jin ku.