Wayar Hannunka Ma Tana Iya Zama Saba

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana lanƙwasa wuyan kebul, yana danne shi da littafi don kada ya motsa, ya san takaicin da nake nufi. Bidiyon biki ya kusa gama shiga, sai yaro ya bangaji teburin, aiki ya koma farko. Wasu kuma sai su tura wa kansu ta WhatsApp: data ta ƙone, hoton ma an matse shi ya dushe. Alhali tsakanin wayar da kwamfutar bai fi kamu guda ba.

Da an ce saba, hankalin mutane yakan tafi ga manyan injuna a wani gini a Amurka. Saba ba girma ba ce, aiki ce. Duk na'urar da ta zauna tana jiran a nemi abu ta miƙa, kamar mai tebur a bakin titi, ta zama saba. Wayar Android ɗin da ke aljihunka ta isa wannan aiki har da ragi.

Hanyar ma tsohuwa ce. Sunanta FTP, wani ɗalibi a jami'ar MIT, Abhay Bhushan, ya rubuta ƙa'idarta tun 1971, kafin a haifi yawancin masu karanta wannan shafi. Abin da ake buƙata kawai wayar da kwamfutar su hau Wi-Fi ɗaya. In babu, kunna hotspot ɗin wayar, kwamfutar ta kama. Sai ka buɗe manhajar FTP (wasu wayoyin, irin na Xiaomi, da ita suke zuwa a cikin ma'ajiyar fayil), ka danna maɓallin farawa. Za ta nuna maka adireshi mai kama da ftp://192.168.43.1:2121. Rubuta shi a saman File Explorer na Windows, sai ga foldojin wayar sun baje a gabanka, ka ja wanda kake so. Kada ka wahalar da kanka da Chrome ko Firefox, sun daina karɓar FTP tun 2021.

Abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani: ko kwabo na data ba ya tafiya. Adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, fayil ɗin ba ya leƙa intanet. Kashe datar ka gwada. Da ma kusan haka Xender ke yi, masu tura fina-finai a kasuwa sun daɗe suna cin abinci da dabarar ko da ba su san sunanta ba. Bluetooth kuwa, a bar shi da waƙa ɗaya ko biyu. Fim zai sa ka yi gyangyaɗi.

Sai dai FTP ba ya rufa asiri. Kalmar sirri da fayil duk a buɗe suke tafiya, wasu manhajojin ma ba sa tambayar kalmar sam sai ka saka da kanka. A Wi-Fi ɗin otal ko na makaranta, wanda ya laluɓo adireshinka zai iya shiga hotunan iyalinka, ya kwafa, ya goge in ya ga dama. Don haka yi amfani da hotspot ɗinka, ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi, ka sa wa manhajar tata daban.

Kuma don Allah, in ka gama turawa, koma ka danna maɓallin tsayawa kafin ka mayar da wayar aljihu.