Rauni, Miki da Gyambo: Kula da Fata Bayan Aska ko Hasken Leza



Bahaushe ya rarrabe kalmomi uku. Rauni shi ne sabon yanka ko ƙuna. Idan ya ruru ya tara mugunya, ya zama miki. Idan kuwa ya daɗe ya ƙi warkewa, to, sunansa gyambo. Abin da ke hana na farko ya kai ga na ƙarshe shi ne kulawa.

Tun kaka da kakanni wanzami ke yin tsaga da zane da ƙaho. A 1960 Theodore Maiman ya ƙera na'urar leza ta farko a Amurka, daga baya likitoci suka shiga ƙone saman fata da haskenta domin a rage tabo. Aska da leza dai duk fata suke bari a buɗe, kuma bayan leza sabuwar fata kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta rufe.

A da, an ɗauka waraka ita ce rauni ya bushe ya yi ɓawo. Amma a 1962 George Winter ya gwada a kan aladu a Ingila, ya tarar raunin da aka rufe da danshinsa ya fi saurin haɗewa. Saboda haka ƙa'idar ita ce: a wanke hannu, a wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce, a shafa basilin, a rufe da bandeji mai tsabta. Kada a ɓamɓare ɓawo. A guji rana, domin baƙar fata takan ƙara duhu inda aka ƙona.

Wannan magana ta shafi mutanen Kura da Bunkure ƙwarai. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya wadata har da rani, manoman shinkafa da alkama da tumatir suna wuni cikin laka da taki. To, ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ta rauni kuma take shiga. Don haka kada a sa toka ko kashin shanu, kada a wanke rauni da ruwan magudana, wanda kan ɗauko har da tsargiya, a kuma yi allurar rigakafi.

In an ga kumburi, ko mugunya, ko zazzaɓi, sai a nufi asibiti ba da ɓata lokaci ba. Tun ran gini, ran zane.