Baƙon da Ke Kwana a Matashinka

Kaska, raɓi mai jini, kowa ya san ta a kunnen saniya a kasuwar Dutsin-Ma. Gizo kuwa da tatsuniyarsa muka girma. Amma suna da wani ɗan'uwa mai ƙafa takwas kamar su, wanda Bahaushe bai raɗa wa suna ba, don ido ba ya ganinsa. Ni ƙwaron ƙura nake ce masa. Tsawonsa bai kai sulusin milimita ba. Ba shi da ido, ba ya cizo, ba ya shan jini irin na kuɗin cizo. Ɓurɓushin fatar da jikinmu ke zubarwa shi ne tuwonsa, masaukinsa kuma katifa da matashi da bargo da kafet.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Cutar tana cikin kashinsa, wanda yakan ajiye kusan ƙwaya 20 a yini. Da an kaɗe shimfiɗa sai kashin ya tashi ya bi hanci, mai tsautsayi ya kwana atishawa da ƙaiƙayin ido, mai asma kuma ƙirjinsa ya riƙa kukan usur. Sai a 1964 wani likita a Leiden ta ƙasar Holan, Voorhorst, da abokan aikinsa suka gano shi ne ɓarawon da ke cikin ƙurar ɗaki.

Mu nan hunturu muke ɗora wa laifin kowane tari, alhali wannan ƙwaro hunturu ne ajalinsa. Ba ya shan ruwa da baki, danshin iska yake tsotsa ta jikinsa, idan danshin ya yi ƙasa da kashi 50 cikin 100 sai ya bushe. Kakarsa ita ce damina, musamman markar Agusta, lokacin da dam ɗin Zobe ke cika, tagogi a rufe, katifa ta yi nauyi tana warin gumi. A irin wannan dare na zauna da ɗana yana jan numfashi da ƙyar, ana ta cewa sanyi ne ya kama shi.

Gwaggona a Kurfi ba ta taɓa jin labarin ƙwaron ba, amma ta iya yaƙinsa. Da rana ta buɗe sai ta ce, “Ɗan nan, kama mini katifar nan mu ɗora a katanga.” Ta bar ta ta gasu har la'asar, ta dake ta da sanda, ta yayyafa ruwa kafin ta yi shara. Tabarma ce a ɗakinta, ana iya naɗewa a kai waje.

Hanyarta na bi. Na cire kafet daga ɗakin yaron, zanen gado da rigar matashi kuma duk mako ina wanke su a ruwan zafi, don zafin da ya kai digiri 60 yana kashe ƙwaron, wanki ya tafi da kashin. Ranar kaɗe katifa, gidan maƙwabta nake tura yaron, sai ƙura ta lafa ya dawo.