Tashar Jirgin Ƙasa a Kan Teburi: Wa Zai Gina Mana ta Kano?

A wani ƙauye mai suna Long Wittenham, cikin yankin Oxfordshire na ƙasar Ingila, akwai gidan tarihi da ake kira Pendon. Babban abin kallon da ke cikinsa shi ne karkarar Ingila kamar yadda take a shekarun 1920 da 1930, an rage girmanta sau 76. Ga gidaje masu rufin ciyawa, ga gonaki da lambuna, ga layin dogo ya ratsa ta tsakiya, ga kuma 'yar tasha da jirage ke tsayawa a cikinta su wuce. Wanda ya assasa wurin a 1954, Roye England, mutumin Ostireliya ne da ya zo Ingila a 1925. Ya tarar zamani ya fara cin ƙauyukan da suka ba shi sha'awa, ana yaye rufin ciyawa ana kafa na zamani, sai ya shiga bin gidajen ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana rubuta launin bango da na ƙofa. Idan ya koma masauki sai ya gina gidan da kwali, ya zana tubalansa, ya bi su da fenti kowanne da launinsa. Ya rasu a 1995 aikin bai kammala ba, masu sa kai suka ɗora daga inda ya tsaya. Da yawa daga gidajen da ya auna an rushe su ko an sauya musu kama, ta yadda wanda yake son ganin asalinsu a yau sai ya je Pendon ya sunkuya.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan wasan yara ne, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda babu unguwar da ba a yi motar kara da ta langa-langa ba. Gaskiya ne, hannun da ya fere karan dawa ya fitar da mota mai ƙofa da taya, irinsa ne hannun da wannan sana'a take nema. Inda suka rabu shi ne ma'auni. Yaro yana ƙera abin da idonsa ya tuna, shi kuwa mai ƙera samfurin tasha ya ɗaure kansa da lissafi: idan ya rage tsawon jirgi sau 87, wajibi ne ya rage ƙofar ofishin tikiti, da kaurin turken fitila, da tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo, duka sau 87. Abu ɗaya ya kauce wa wannan lissafi, ido zai gane, ko da mai idon bai san abin da ya dame shi ba.

Sana'ar ta daɗe a Turai. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da layukan dogo na wasa masu daidaitaccen faɗi a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891. An kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a Landan a 1910, jiragen Hornby kuma suka shigo kasuwa a 1920. A yau mafi shahara shi ne Miniatur Wunderland na birnin Hamburg, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, mai layin dogo da ya haura kilomita 15 idan aka miƙe shi, har da filin jirgin sama, kuma gari yana wayewa ya yi duhu duk bayan minti 15. Abin mamaki ne, babu musu. Sai dai a ganina Hamburg wurin nishaɗi ne, Pendon kuwa wurin ajiyar shaida, kuma na biyun ne ya fi shafar mu.

Matakin farko ga mai gini shi ne zaɓen ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, wato ɗaya bisa 87, inda mutum mai tsayin mita 1.7 yake komawa kusan santimita biyu. Masu ƙarancin wuri sukan koma ga N, ɗaya bisa 160. Ingilishi kuwa sun riƙe OO, ɗaya bisa 76, amma suna ɗora jiragensu a kan dogo mai faɗin milimita 16.5, wanda asali na HO ne. A lissafi kamata ya yi faɗin ya zama 18.83, kuma wannan 'yar tazara ta milimita biyu da ɗoriya ta isa ta sa wasunsu suka daina sayen dogon kanti, suka koma ƙera nasu da hannu. Wanda bai san sana'ar ba zai yi dariya, amma irin wannan tsantseni ne ya sa masu bincike suke iya dogara da abin da waɗannan mutane suka gina.

Daga nan sai matsalar fili. Dakalin fasinja mai tsawon mita 300 yana bukatar kusan mita uku da rabi a ma'aunin HO, alhali falankin filawud da kafinta ke sayarwa bai kai mita biyu da rabi ba. Saboda haka dole a taƙaita, kuma a nan ake gane gwani. Zai iya rage layukan ajiye taragu daga takwas zuwa huɗu, ya mai da jirgi mai tarago goma ya zama mai biyar, amma ba zai taɓa fasalin ginin tashar ba, domin shi ne fuskar da mutane suka sani. Gine-ginen da ke can baya akan yi su da ma'auni mafi ƙanƙanta don a yaudari ido ya ga nisa. A ƙarshen teburi kuma akan kafa gada ko dogon gini, jirgi ya shige bayansa ya ɓace zuwa wani ɓoyayyen sashe, inda ake jera jiragen da za su fito daga baya kamar daga wani gari suke.

Akwai kuma sharaɗin da sababbin shiga suka fi sakaci da shi, wato tsayar da lokaci. Tasha ɗaya ba ta zama iri ɗaya a shekara talatin. Mai gini na ƙwarai yakan zaɓi shekara, ya zaɓi yanayi, wani ma har sa'ar yini, sannan ya hana duk abin da bai dace da wannan lokaci ba shiga teburinsa, komai kyansa. Motar da aka ƙera a 1970 ba ta da hurumi a harabar tashar 1955.

Amma abin da ya fi raba samfuri mai rai da kayan wasa shi ne datti. Kaya sabo fil daga kwali yana ƙyalli, tashar gaske kuwa ba ta ƙyalli. Gefen dogo tsatsa ne, samansa kaɗai ke haske saboda gugar taya. Inda kan jirgi ya saba tsayawa ƙasa ta yi baƙi da mai da toka. Hayaƙi ya bar tabo a ƙarƙashin gada daidai saitin layi, ruwan sama ya ja zane daga bakin indararo zuwa gindin bango, fenti ya koɗe a ɓangaren da rana ta fi duka. Duk wannan da hannu ake yin sa, da garin alli mai launi, da fenti da aka tsinka sosai, da buroshin da aka kusa busar da shi. Tsakuwar ƙarƙashin dogo akan zuba ta a bushe, a baje ta da buroshi tsakanin shimfiɗun dogon, a jiƙa ta da feshin ruwa, sannan a ɗiga mata gam ɗin katako da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, domin sabulun ne yake sa gam ya ratsa maimakon ya taru a sama. Aiki ne na kwanaki a kan abin da baƙo ba zai ko kalla ba, amma da babu shi da nan take ya ce wannan ba tasha ba ce. Ƙa'idar da gwanaye suke bi ita ce a kwaikwayi hoton wurin gaske. Wanda ya kwaikwayi samfurin wani, kuskuren wancan zai gada ya ƙara da nasa.

To, mu dawo gida. Layin dogon Baro ya iso Kano a 1911. Turawan mulki sun yi tsammanin auduga za su kwasa, sai manoma da fatake suka ba su mamaki da gyaɗa tun daga kakar 1912. Daga Zariya reshe ya tafi Ƙauran Namoda a 1929, daga Kano ya kai Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai a 1964. Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita a hoto 'yar wannan dogo ce, domin tana tashi ne idan amfanin gona ya fi ƙarfin taragun da za su kwashe shi zuwa teku, sai a jibge buhuna a lulluɓe da tamfol ana jiran jirgi. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma, su suka haɗu suka share ta. Ɗalibin da aka haifa bayan 2000 ya san dalar a littafi, amma da wuya ya iya faɗin yadda buhu yake tashi daga bayan jaki ko raƙumi ya hau sikeli, ya hau kan ɗan dako, ya shiga tarago. Hoto yana nuna kusurwa ɗaya ne. Samfuri kuwa yana tilasta wa mai yin sa ya amsa tambayar da hoto ya tsallake: ina layin ya bi, ina sito yake, ta wace ƙofa kaya suke shiga?

Wanda zai gina tashar Kano ta 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, zai fara cin karo da faɗin dogo. Tsohon layinmu milimita 1,067 ne, ba 1,435 irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba. A ma'aunin HO wannan yana nufin dogo mai faɗin milimita 12, kuma ana samun irinsa a kasuwannin Turai. Akwai wata dabarar da mutanen New Zealand suka daɗe suna bi, da yake faɗin dogonsu ɗaya ne da namu: su yi gini da ma'aunin ɗaya bisa 64 a kan dogon 16.5 da ya fi sauƙin samu. Kan jirgin zamanin, irin masu aiki da kwal da aka ƙero daga Birtaniya aka raɗa musu sunayen koguna, ba abu ne da za a shiga kanti a saya ba. Sai an ƙera shi, ko dai da hannu ko da na'urar nan da ke fitar da siffar abu da roba daga zanen kwamfuta. Sauran kayan kuwa a ƙofar gida suke. Jar ƙasa da aka tankaɗe da rariya ta fi duk wani fenti da za a yo odarsa, ɓargon kara yana feruwa ya zama katanga, buhun gyaɗa kuma a wannan ma'auni bai fi ƙwayar wake girma ba, don haka akan yi dalar da kwali ne a lulluɓe bayanta da buhunan da aka murza da yumɓu.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗin. Waɗannan jirage ta dogo suke shan wuta, ƙurar hunturu kuwa tana kwanciya a kansa ta yanke wutar, don haka sai da murfin gilashi. Katako yana tsukewa da rani ya kumbura da damina, ƙarfe yana miƙewa da zafi, wanda bai bar 'yar tazara a mahaɗar dogo ba zai tarar ya lanƙwashe a watan Afrilu. Gara kuma ba ta san tarihi ba. Wanda duk wannan ya yi masa yawa yana iya gina samfuri marar motsi, kuma ba abin da ya ragu daga darajarsa ta shaida.

Akwai waɗanda za su yi ƙyamar sanya mutum-mutumi saboda dalilin addini, kuma damuwa ce da ta cancanci a saurare ta. Ana iya gina tasha ba tare da siffar mutum ko ɗaya ba. Tabarma a shimfiɗe a inuwa, buta a gefenta, ƙunshin kaya a kan dakali, teburin mai shayi da tukunyarsa, keke a jingine da bangon ofis, waɗannan sun isa su gaya wa mai kallo cewa an kira salla ne mutane suka tashi.

Na san za a ce a ƙasar da ake fama da abin sawa a baka, wa ke da sukunin gina tashar kwali? Amsar ita ce ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma masu iyawa suna nan. Ɗaliban zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna yanka kwali suna gina samfurin gidaje don neman maki, a gama dubawa a jefar. Ɗaliban tarihi suna neman batun bincike. Takardun mulkin mallaka suna ajiye a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa. A Ebute Metta ta Legas, wata ƙungiyar sa kai mai suna Legacy ta gyara tsohon Gidan Jaekel ta mai da shi ƙaramin gidan tarihin reluwe. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa kuwa ba za su rasa ɗakin da teburi mai mita huɗu zai shiga ba. Abin da ya rage shi ne shugaban sashe ɗaya ya haɗa waɗannan ɗalibai a aiki guda, a ba su maki a kansa.

Kwali da gam za su jira, amma akwai abin da ba zai jira ba. Hotunan wancan zamani galibinsu baƙi da fari ne, ba za su faɗi launin ƙofar ofishin tikiti ba, taswira kuma ba ta nuna inda masu tallar fura suke zama. Waɗannan suna cikin kan mutanen da suka yi aiki a wurin. Wanda yake ɗan shekara ashirin yana dakon gyaɗa ko zuba kwal a 1955, yau ya kai casa'in ko ya haura. Kafin a yanka kwali ko ɗaya, a fara tura ɗalibai biyu da na'urar ɗaukar murya zuwa Fagge da Sabon Gari da kwatas ɗin reluwe, su nemi waɗanda suka rage, su shimfiɗa musu taswirar tashar a kan tabarma, su miƙa musu fensir.