Kuɗin Ruwa: Daga Dakar Zuwa Kasuwar Jugu

Sau huɗu a shekara wani kwamiti na Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, watau BCEAO, yakan zauna a Dakar ya yanke ruwan da bankuna za su biya in sun ranci kuɗi a wurinsa. Hukuncin ya shafi ƙasashe takwas masu cin sefa, har da tamu Benin. Mu da ke Paraku da Jugu da ƙauyuka irin su Seru ba kasafai muke jin labarin zaman ba, amma yakan iske mu har rumfa.

A watan Yuni na 2020, lokacin annobar korona, bankin ya sauke ruwansa daga kashi 2.5 cikin ɗari zuwa kashi 2, don kasuwa ta samu ta numfasa. Da kayan masarufi suka yi tsada a 2022 sai ya dinga ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ya kai 3.5 a Disamba 2023. A Yuni 2025 ya rage zuwa 3.25. Dalilin a fili yake: in rance ya yi tsada mutane sukan rage ci, kuɗi su ragu a hannu, farashi ya lafa. In kuwa kasuwa ta yi sanyi, sai a sassauta.

To amma kada mai karatu ya zaci wannan ne ruwan da za a yanka masa. Banki yakan ɗora albashin ma'aikatansa da ribarsa da tsoron waɗanda ba za su biya ba. Galibinmu ma ba banki muke zuwa ba, ƙananan asusun rance muke zuwa irin su CLCAM, waɗanda suka haɗu ƙarƙashin FECECAM a 1993. Nasu ruwan ya fi yawa, gama bin sawun ƙaramin bashi ƙauye-ƙauye a kan babur aiki ne mai cin kuɗi. A 2014 hukuma ta ƙayyade cewa banki ba zai wuce kashi 15 a shekara ba, ƙananan asusu kuma kashi 24.

Inda muka ga 'yan'uwa sun fi ruɗewa shi ne wajen lissafi. A ce mai sayen man kaɗe ta ranci sefa 100,000 da ruwan kashi 2 a wata, za ta biya cikin wata goma. In ana lissafin ruwan a kan abin da ya rage mata kowane wata, 11,000 za ta biya gaba ɗaya. In kuwa a kan uwar kuɗin ake lissafawa tun daga farko har ƙarshe, 20,000 ne. Duka biyun "kashi biyu" za a ce mata, alhali ɗaya ya kusa ninka ɗaya. Ga kuɗin buɗe takarda, ga inshora, ga ajiyar dole da akan riƙe kafin a ba da rancen. Don haka kafin a dangwala yatsa, a sa ma'aikaci ya rubuta jimillar abin da za a biya, a kai wa wanda ya iya karatu ya duba. Manomin da ya karɓi kuɗi hannun ɗan kasuwa tun kashunsa bai nuna ba, shi ma ruwa yake biya, sai dai an ɓoye shi cikin karyayyen farashin buhu.

Mai ajiya kuma fa? An daɗe ana biyan kashi 3.5 a littafin ajiya, watau 3,500 a kan 100,000 a shekara. Wannan riba ce kawai in tsadar kaya ba ta wuce haka ba. Dattawanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi, farashi ya hau fiye da kashi 30 cikin shekara guda. Kafin nan, wajajen 1989, bankunan gwamnati irin su BCB sun durƙushe, kuɗin jama'a ya maƙale. A 2010 kuma kamfanin ICC Services, wanda ya yi alkawarin ruwa fiye da kashi 100 a shekara, ya rushe da biliyoyin sefa na talakawa. Babu kasuwancin da ke haifar da irin wannan riba. Kuɗin sababbin shiga ne ake raba wa na farko.

Da yawa a zangonninmu suna gudun ruwa baki ɗaya saboda hanin riba, su zuba adashi, ko su sayi tumaki da hatsi su ajiye. Wasu kuma suna ba mai zagayawa da kati yana karɓar ajiya kullum. Shi wannan ba ya ƙara maka ko dala, hasali ma zubin kwana ɗaya yake ɗauka ladansa a ƙarshen wata. Mai zuba 500 kullum na kwana 31 zai karɓi 15,000, ya bar masa 500.